Godiya bayan jinyar ƙanina

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallamo ƙanina daga asibiti, yana gida a Kubwa yana murmurewa. A madadin Hajiya da sauran dangi, ina miƙa godiya ga samarin masallacinmu da suka yi layi don ba da jini, da Kawu da ya taso daga Jos cikin dare, da maƙwabtan da kulolinsu ba su yanke ba. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Masu tambayar me ya same shi, zazzaɓin denge ne. Ranar da zafin jikin ya sauka har mun fara hamdala, sai ga amai da ciwon ciki, dasashinsa na tsattsafo jini. Ashe lokacin haɗarin ke nan.

Ya taɓa yin denge yana karatu a Malesiya, shi ya sa Hajiya ta yi ta mamaki, wai ba kamar ƙyanda ba ne, sau ɗaya? Likitar, Allah Ya yi mata albarka, ta ja kujera ta yi mana bayani. Denge iri 4 ne. Wanda ka yi, ka gama da shi, amma kariyar da ya ba ka daga sauran ukun ba ta daɗewa. In wani irin ya zo daga baya, tsofaffin sojojin jiki sukan riƙe shi ba tare da sun iya kashe shi ba, har su taimaka masa shiga ƙwayoyin jini, kamar maigadin da ya buɗe wa ɓarawo ƙofa don ya yi kama da ɗan gida. Ba kowa abin ke tsananta wa ba, amma karo na biyu ya fi haɗari.

Har katin rigakafin zazzaɓin shawara ta tambaya. Shawara da denge da Zika dangi ne, gwajin garkuwa kan ruɗa su, don haka ta sa aka nemi ƙwayar cutar kanta. Ita allurar shawarar ba ta hana denge, duk da sauro iri ɗaya ke yaɗa su, mai ɗigon farin nan da ke cizo da rana, yana ƙyanƙyasa a durom da tsofaffin tayoyi.

Masu zuwa dubiya, bismillah, bayan La'asar. Don Allah kada a kawo masa asfirin ko ibufurofen, an hana shi saboda zubar jini. Farasitamol kaɗai aka yarje masa.