Dokoki Goma Sha Huɗu

Bara na shirya gasar gajerun labarai a Facebook, kyautar katin waya ce ta dubu biyar. Wai ni ma in yi abin manya irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, sai na zauna na zayyana dokoki har 14, har da girman haruffa. Mako biyu, labari uku kacal!

Ƙanwata ta kira ni: "Yaya, a waya fa nake rubutu, ina zan ga wani girman harafi?" Kunya ta kama ni.

Na share duka, na bar uku: kalma 500, labarin ya zama naka, a turo kafin Juma'a. Daren Alhamis ina ta karatu har aka kira assalatu, shayina ya huce ban sani ba.