Hoton da na gani a shagon Ibo a Sabon Gari

Ranar Asabar ɗin nan janareta ne ya kai ni Sabon Gari, kafireta ta ƙi, mai gyara ya ce sai dai a sako sabuwa. Na shiga shagon wani Ibo da muka daɗe muna ciniki, a Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Yaronsa ya tafi sito ɗauko kayan, ni kuma ina zaune a benci sai idona ya kai kan wani hoto a bango, tsakanin kalandar coci da lambobin waya da aka rubuta da biro. Zane ne aka buga a takarda. Wata doguwa siririya da farar fuska fat, kaya kala-kala sun ɗame ta, ta lanƙwashe kamar wadda kiɗa ya ratsa har ƙashi.

Na ce, "Oga, wannan budurwar fa?" Ya kwashe da dariya har da buga kanta, ya ce, "Haba Malam, ai ƙato ne!"

Wai sunan abin Agbogho Mmuo, dodon 'yanmata ke nan. Maza ne ke sa fuskar katako mai farin fenti da kitso, su fito fili suna kwaikwayon rangwaɗar budurwa ana kaɗa musu, farin kuma alama ce ta cewa wannan ba ɗan'adam ba ne, daga duniyar ruhohi ya zo. Ya ce wanda ya zana sunansa Ben Enwonwu, ɗan Onicha, garin baban shi mai shagon.

Da na koma gida na duba a waya, ashe babban mutum ne ni ne ban sani ba. An haife shi 1917 ya rasu 1994, babansa masassaƙi ne, shi kuma ya yi karatun zane a makarantar Slade da ke Landan a shekarun 1940. Shi ne ya ƙera mutum-mutumin Sarauniyar Ingila na tagulla a 1957. Akwai zanensa na wata gimbiyar Ife mai suna Tutu da ya ɓace shekara da shekaru, sai aka tsince shi a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 kan fam miliyan 1.2. Kai! Ni da nake cinikin kafireta ina neman ragin dubu biyu.

Amma ba kuɗin ne ya tsaya min a rai ba. Mutumin nan ya je Turai ya koyi duk dabarun fentinsu, da ya so sai ya yi ta zana turawa da lambunansu ya ci abincinsa, amma shekara da shekaru abin da yake komawa kai shi ne rawa, har jerin zane ya yi da ya kira Africa Dances. Kuma in ka lura ba ya damuwa da a gane fuskar mai rawar, sai dai ya ja wuya ya ja hannu ya miƙar da ƙafa fiye da yadda Allah ya halitta, baya ya gantsare, kana kallo kana jin kamar ana buga ogene, ƙararrawar ƙarfen nan tasu. A ganina dalilin shi ne turawa sun kwashe irin waɗannan fuskokin katako sun jera a gidajen tarihinsu cikin gilashi, ba kiɗa ba ƙura ba 'yan kallo, to fuskar dodo in ba a jikin mai rawa take ba ai itace ce kawai. Shi sai ya mayar da ita kan mai ita.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki, wani ɓangare na labarin nan a Zariya aka yi shi. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama ABU suka kafa ƙungiya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ce sun gaji da a koya musu zanen Turai zalla, za su gauraya da na gida. Uche Okeke ma a Kafanchan ya taso. Shi ya ɗauko uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kusan kamar ƙunshin matanmu, ya shigar da shi takarda, daga baya ya kai salon zuwa Jami'ar Nsukka.

Na san wani zai ce min zanen mai rai akwai magana a kansa a addini, ga kuma batun dodo, na sani, ba fatawa na zo bayarwa ba. Ni dai kishi ne ya ɗan kama ni. Duk zanen da na ci karo da shi ana sayarwa a garin nan doki ne da mahayi, hawan sallah, sai Bafillatana da ƙwaryar nono. Ina 'yan koroso da kacau-kacau a ƙafa? Ina 'yan tauri, ina mahauta in kalangu ya taso musu?

Da na koma biyan cikon kuɗi ranar Litinin na tambaye shi ko ya taɓa sa kayan dodon. Ya ce ina, shi ɗan coci ne, kallo kawai yake yi in sun je gida Kirsimeti, kuma 'yarsa ƙarama da ta ga dodon kuka ta fashe da shi ta ce a mayar da ita Kano. Ragin dubu biyun dai bai yi min ba.