1952: shekarar da ƙasa ta yi magana

Ranar Asabar na kai 'yata gidan tarihi na Jos. Mun daɗe tsaye gaban wani kan yumɓu na mutanen Nok, wata tsohuwar al'umma ta tsakiyar Najeriya: idanu masu kusurwa uku, an huda ƙwayar idon, gashi an gyara shi tsaf. Ta ja mini riga ta ce, "Baba, kallonmu yake yi." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, shi ne ya kafa gidan a 1952. Kafin nan, masu haƙar kuza ne ke tsintar irin waɗannan kawuna. Ɗaya da aka samu wajen Jema'a ma, a gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye, alhali ya haura shekara 2,000!

Da muka koma gida na bi diddigin shekarar, ashe ba ƙaramar shekara ba ce ga masu binciken kayan tarihi. A cikinta Kathleen Kenyon ta fara tono a Yariko ta Falasɗinu. A Meziko, Alberto Ruz ya isa kabarin Sarki Pakal na mutanen Maya a tsohon birnin Palenque, bayan shekara huɗu ana kwashe duwatsun da suka toshe matakalar da ke kaiwa kabarin. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Michael Ventris, mai zanen gine-gine a Ingila, wanda ya warware wani tsohon rubutu da ake kira Linear B, wanda aka daɗe ba a iya karanta shi ba, ya gano Girkanci ne. A shekarar ya cika shekara 30, kuma hatsarin mota ya kashe shi a 1956.

Ita kuwa yarinyar har yanzu tana tsakar gida, tana murza laka za ta yi nata kan.