Asabar: fijo ta ƙi kawo wuta

Yau dai Asabar ɗin nan gaba ɗaya a ƙarƙashin bonet ta ƙare min. Niyyata da safe in ɗan zaga da fijon marigayi Alhajinmu zuwa Gwale in gaida Hajiya in dawo, don motar nan bata son dogon zama, amma ina murɗa makulli sai kik yake ta juya inji da ƙarfinsa, batir lafiya lau, ita kuwa ko tari bata yi ba. Na ƙara murɗawa ina ɗan taka totur, can sai warin fetur ya cika garejin, nace to mai dai yana zuwa, saura wuta.

Peugeot 504 ce, irin haɗin Kaduna ɗin nan. A Faransa ta fara fitowa a 1968, kamfanin Kaduna kuma ya fara haɗa fijo a 1975, har su Turawan suka daina yinta mu nan ana ci gaba da haɗawa har cikin shekarun 2000, shi yasa har yau in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da wuya ka rasa kayanta. Tamu ta farkon shekarun 1980 ce, babu kwamfuta babu komai, kabureta ce da distiributa, wato mai raba wa fulogi wuta, irin mai kwantak, ɗan bakin ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa a cikinta.

Yaron maƙocinmu da yake koyon kanikanci ya leƙo, ko bonet ɗin bai gama kallo ba yace Yaya koyil ne, wato abun da ke ƙara wa wutar batir ƙarfi kafin ta je fulogi, a sayo sabo kawai. Abun da ke bani haushi da gyaran yanzu kenan, kowa sai canji, a canja koyil in bata tashi ba a canja fulogi, a canja wayoyi, kafin a dace ka sayi rabin mota kuma baka san mene ne ya lalace ba. Nace masa bari dai in kira Baba, tsohon makanikin da tun Alhaji na da rai shi ke taɓa motar nan.

Sai wajen sha ɗaya ya iso akan tsohon babur ɗinsa, da ɗan buhun kayan aiki. Bayan mun gaisa ya tambayi Hajiya da yara, yace "Ɗan Alhaji, jiya an yi ruwa ko?" Nace an yi kuwa Baba, har da iska. Sai ya fara da hular distiributa, ya ɓalle ƙarafan nan biyu da suke riƙe ta ya ɗaga ya kalli cikinta a hasken rana, don da damina raɓa takan kwanta a ciki wutar ta riƙa bin danshi maimakon ta tafi fulogi. A bushe take. Ya danna ɗan gawayin nan na tsakiyar hular da yatsa yaga yana shiga yana dawowa, ya duba ko akwai tsaga ko wani baƙin layi siriri, babu, rota ma, wadda ke juyawa a ƙarƙashin hular, bakinta ya ɗan yi duhu ne kawai ya goge.

Daga nan ne aikin ya fara yi min daɗin kallo. Bai ciro fulogi ba tukunna, kuma duk wanda ya san 504 ya san fulogin nata a can cikin rami suke sai da dogon sufana. Wayar tsakiya ya zare daga hular, wadda ta taso daga koyil, ya riƙe ta da filaya mai roba ya kusantar da bakinta jikin inji kamar rabin santimita, yace in murɗa. Na murɗa, shiru, ko ƙyas. Yace to ka gani, da ace wuta ta yi tsalle a nan da mun san matsalar tana gaba, hula ko rota ko wayoyin fulogi, tunda bata yi ba sai mu koma baya. Haka yake bin abun kamar mai bin sawun ɓarawo, duk inda sawu ya ɓace nan zai tsaya.

Yaron nan yace ai dama na faɗa koyil ne. Baba ko kallonsa bai yi ba.

Ya ciro wani ƙwan sigina da ya haɗa wa wayoyi biyu, duk salatif ya naɗe shi, wallahi tun ina yaro nake ganin ƙwan nan ko irinsa a hannunsa. Koyil ɗin tana da ƙananan ƙafafu biyu, ɗaya wuta ke shigowa daga makulli, ɗaya kuma ta tafi distiributa. Ya sa na kunna makulli ba tare da kik ba, ya ɗora waya ɗaya a ƙafar shigowa ɗaya a jikin mota, ƙwai ya kama tar. Kenan makulli da wayarsa ba su da laifi, bolt 12 ɗin yana isowa. Yana cikin haka bayan hannunsa ya taɓa jikin koyil ɗin yace kai, kashe kashe, ta yi zafi. Ashe wannan zafin ma alama ce, wuta na ta bi ta cikinta ba tsayawa.

Anan ya tsaya ya yi wa yaron bayani, ni ma na ƙaru. Ita koyil ba haka kawai take haifar da wuta ba, sai an katse mata. Lokacin da bakin kwantak yake rufe wutar batir tana bi ta cikinta tana tara maganaɗisu, da zarar ƙarfen tsakiyar distiributa mai kusurwa huɗu ya juyo ya ture kwantak ya buɗe, wutar ta yanke farat ɗaya, to a wannan yankewar ne ɗaya naɗin wayar da ke ciki yake harba wuta mai ƙarfin dubban bolt, rota ta raba wa fulogi bi da bi, 1-3-4-2. In kwantak bai buɗe ba, ko ya buɗe amma wutar ta samu wata hanyar zuwa jikin mota, to babu yankewa, babu tartsatsi, ko da koyil ɗin yau aka ciro ta daga kwali.

Muka saka giya ta huɗu muka ɗan tura motar gaba kaɗan kaɗan yana kallon kwantak har ya buɗe. Buɗewar tasa ƙarama ce sosai don ɗan dunduniyar nan da ke gogar ƙarfe ta cinye, bakin kuma ya yi ɗan tsatsa. Ya goge da samfefa mai laushi, ya sassauta sukurun ya saita gibin da fila geji, wato ma'aunin gibi, a 0.4 na milimita, yace da can in babu geji da kwalin ashana suke aunawa. Na ɗauka shikenan an gama, na shiga na murɗa, haka dai, shiru.

Azahar ta yi muka tafi masallaci, muka dawo uwargida ta aiko mana da shinkafa da wake, Baba yana ci yana bani labarin zamanin da fijo wagon ce motar haya daga Kano zuwa Kaduna da Jos, yanda direbobi ke yawo da kwantak da kwandansa a aljihun mota kamar goro.

Da muka koma sai ya maida ƙwan kan ɗaya ƙafar koyil, mai zuwa distiributa, kwantak na buɗe har ya cusa ɗan kwali a tsakani don a tabbata. A ƙa'ida in kwantak na buɗe ƙwan ya kama, in ya rufe ya mutu. Bai kama ba. Ya zare wayar distiributa daga koyil ɗin, nan take ƙwai ya kama, kenan koyil na wucar da wuta, inda take zubewa yana can cikin distiributa. Abu biyu suka rage, ko ɗan robar da ke raba sukurun wayar da jikin distiributa ta fashe, ko kwandansa. Ya maida wayar, ya kwance ta kwandansa kaɗai, ɗan gwangwanin nan da bai kai babban yatsa ba, ƙwai ya kama tar. Ta ƙone ta ciki ta haɗe da jikinta, duk wutar ta nan take sulalewa. Aikinta dama ta shanye tartsatsin bakin kwantak don kada ya ƙone kuma yankewar ta zo da kaifi, ita ce mafi arha a duk layin kuma ita ta zaunar da mu wuni guda.

Na hau bayan babur ɗinsa muka nufi Ƙofar Ruwa, ga cunkoson 'yan adaidaita ga taɓon ruwan jiya. Shagon farko aka miƙo mana sabuwa fil a kwali mai ƙyalli, Baba ya jujjuya ta a tafin hannu ya mayar, yace bata da nauyi. Ni dai banga bambanci ba amma ban yi musu ba. A can ciki wajen masu tsofaffin kaya ya samo wadda aka ciro daga wata distiributa 'yar Kwatano, na kuma sayi sabon kwantak na ajiya.

Bayan la'asar ya ɗaura. Ya sake riƙe wayar tsakiya kusa da inji, ina murɗawa naji ƙyas ƙyas ƙyas, wuta shuɗiya mai kauri tana tsalle, yaron maƙoci har da tafi kamar ba shi yace koyil ba. Da aka maida komai bata tashi nan take ba saboda man da na tara mata da safe ya jiƙa fulogi, Baba yace in take totur har ƙasa in riƙe kada in yi ta famfo, ta yi gurnani ta yi baƙin hayaƙi sannan ta kama. Ya ɗan sassauta distiributa ya juya ta kaɗan yana saurare, don taɓa gibin kwantak yana motsa tayimin, har muryar ta daidaita.

Da ƙyar ya karɓi kuɗin, sai da nace na man babur ne. Gaisuwar Hajiya sai gobe in Allah ya kai mu, na kira ta na faɗa mata tace dama ta san motar ce ta riƙe ni. Baba yace wayoyin fulogin sun fara bushewa kuma salansa na hura iska ta ƙasa, in kai masa ita gareji ranar Talata.