Simintin da na sa a bangon gidan limamin coci

Jiya na miƙa makullin ofis bayan shekara uku. Duk wanda ya yi gyaran tsofaffin gine-gine a Ingila ya san mene ne gini mai daraja ta biyu, wato tsohon ginin da gwamnati ta yi wa rajista don kada a canza shi ba izini. Ni sai da na ji a jikina kafin na sani.

Gidan limamin coci ne a wani ƙauye a yankin Kotswol, na dutsen nan mai launin zuma, ginin zamanin Sarauniya Biktoriya. Coci ya daɗe da sayar da shi, kamar yadda ya yi da irinsa masu yawa. Farar ƙasar da ke tsakanin duwatsun bangon yamma duk ta zube. Mai gidan yana so a gama kafin Kirsimeti, farar ƙasa kuwa ba ta kamawa da wuri a sanyi. Oga ya kira ni a waya, ya ce in sa birkiloli su haɗa da siminti. Na sa. Ban ce ya turo mini a rubuce ba.

Bayan hunturu biyu aka nemo mu. Farar ƙasa tana barin danshi ya fita ta tsakanin duwatsu. Siminti ya toshe hanyar, ruwa ya koma cikin dutse, sanyi ya daskarar da shi. Jami'ar ƙaramar hukuma mai kula da tsofaffin gine-gine ta sa farce ta ɓantaro fuskar dutse kamar ɓawon gyaɗa, ta tambayi wanda ya ba da izini. A dokar 1990 ta gine-gine masu rajista, canza irin wannan gini ba izini laifi ne da ake kai mutum kotu. Oga ya dube ni ya ce ai yaron ne ke kula da wurin.

Mako biyar muka yi muna ƙwaƙule simintin da kurfi da guduma, don ta hana mu sa inji.

Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan tun daga gida. A Zariya kakana bai taɓa yarda a shafe bangon ƙasa da siminti ba, makuba yake sawa, yana cewa bango ma yana numfashi.

Sauran darussan ba yawa: rajistar ta shafi har cikin gida, kada ka taɓa murhu ko matakala sai da takarda. Umarnin waya kuma, ka maimaita shi ta imel.

Bangon yana nan lafiya yanzu, ni na haɗa kwaɓin. Oga bai zo walimar sallama ba.