Tudun Anund: kabarin da ya zama wurin shari'a

Daga Sitokholm zuwa garin Västerås, a ƙasar Suwidin, tafiyar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, ba wani abin faɗa sai tsadar tikiti. A motar haya na miƙa wa direba takardar kuɗi, ya dube ni sama da ƙasa kamar na miƙa masa ganye, ya nuna na'urar kati da haɓa, ko uffan bai ce ba. Mutanen Suwidin ba sa wulaƙanci da baki, shirunsu ya isa.

Anundshög, wato Tudun Anund, na wajen garin Västerås ta gabas. Tudu ne da aka tara da hannu, tsayinsa mita 9, faɗinsa ya haura mita 60, kuma duk ƙasar babu tudun kabari da ya kai shi. Tun kafin Kiristanci ya iso wajensu aka ƙona gawar wani babba a nan aka tula ƙasa a kai. A gindinsa an jera manyan duwatsu a siffar jirgin ruwa, biyu daga ciki kowanne ya wuce mita 50. Ga kuma dogon dutse mai rubutu, wanda wani Folkvid ya kafa don tunawa da ɗansa Heden, ɗan'uwan Anund.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bayan ɗaruruwan shekaru, jikokin mutanen wurin, suna Kiristoci, nan suke taruwa su yi shari'ar gona, gado da kisan kai. Akwai takardar 1392 da ta ambaci zaman. Sabon sarki ma ta gaban tudun yake wucewa in ya fita rangadin neman mubaya'a. Sai na tuna tuddan Durɓi Takusheyi na ƙasar Katsina. Mu dai ban ga mai kai ƙarar iyakar gona kan kushewa ba.

Ba shinge, ba kuɗin shiga, yara na ta gangarowa daga ƙololuwa suna ihu. Wata dattijuwa ta ga iska na kaɗa ni, ta ce in zauna, ta tsiyaya mini kofi daga fulas ɗinta, ta raba burodin kirfa biyu. Na ce Allah ya saka, ta yi dariya duk da ba ta ji ba. Wannan kofin a shago kuɗin tuwon gida guda ne.

Washegari na leƙa Tsohuwar Uppsala: manyan tuddai uku, coci a gefe, nan ma an yi zaman taron ƙasa. Ruwan sama ya kore ni tun kafin azahar.