Daga Kano zuwa Legas a homa bayan Babbar Sallah

14 ga Zulhajji

An ce tashi ƙarfe shida na safe, mota ba ta bar tasha ba sai bakwai da rabi. Ba rashin fasinja ba ne, don bayan Sallah kujera goma sha takwas ta homa kafin gari ya waye ta cika. Lodi ne ya ci lokacin. Kowa ya zo da buhu: gero, wake, albasa, bokitin soyayyen naman layya, jarkar man gyaɗa. But ya cika har sai da aka ɗaure ƙofarsa da igiya a buɗe, aka cusa sauran a ƙarƙashin kujeru. Duk wahalar da aka sha a yau, a wannan awa ɗaya da rabin aka ƙulla ta.

Kuɗin kaya daban yake da kuɗin kujera, kuma a gama cinikinsa da ɗan kamasho tun kafin buhu ya hau mota. In ya riga ya shiga ƙasan lodi, sai abin da suka yanka. A rubuta suna da lambar waya a jikin buhu, sannan a cika takardar sunayen fasinjoji da lambar ɗan'uwa ta gaskiya. Mutane na raina takardar nan, alhali in wani abu ya faru a hanya da ita ake neman dangi.

Injin homa a ƙarƙashin kujerun gaba yake. Wanda ya zauna bayan direba ya sami wurin miƙe ƙafa, amma zai sha zafi, kuma nan ne wurin da bai kamata a ajiye nama ba. Wata baiwar Allah ta ɗora nata a wurin cikin leda ɗaure, kafin Gwagwalada ya fara gumi. Yaron mota ne ya ce mata, "Hajiya, ki kwance shi ya sha iska." Naman tafiya sai an soya shi ruwan jikinsa ya ƙone sarai, a tsane mai, ya huce har cikinsa, sannan a zuba a kwali ko bokiti da takarda a ƙasa. Ɗumi da leda su ke lalata shi, ba nisan hanya ba.

Mun bi Kwanar Dangora, Zariya, Kaduna, muka tsaya a Tafa aka sha mai. Ta Birnin Gwari da Mokwa da Jebba ta fi kusa, amma matsalar tsaro ta sa direbobi da yawa sun gwammace zagaye ta Abuja da Lokoja, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Burin kowane direba ya wuce tsakanin Kaduna da Abuja da rana tsaka, shi ya sa jinkirin safe yake sa su taka mota fiye da ƙima.

Bayan Abaji tayar baya ta dama ta fashe. Allah ya kiyaye, direban gwani ne: bai taka birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur har mota ta rage gudu da kanta, sannan ya gangara gefe. Dalilin a fili yake. Nauyi duk ya taru a baya, kwalta ta yi zafi, ga gudu, ga tayar ta kwana biyu. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Fasinja na iya dubawa a tasha cikin minti ɗaya, kuma haƙƙinsa ne ya tambaya ko safaya na da iska. Tamu tana da shi, sai dai jak yana ƙarƙashin buhuna, dole aka sauke rabin but a bakin titi.

Muka tsallaka gadar Murtala Muhammed a Jamata, muka yada zango a Lokoja. Nan aka haɗa azahar da la'asar, raka'a biyu-biyu, aka ci abinci. Gara a ci kaɗan, a guji mai yawa, don hawa da kwane-kwanen Okene na tayar da zuciya, musamman ga na kujerar ƙarshe. Wannan yanki da damina sai a yi tambaya kafin a taso. A ambaliyar 2022 ruwa ya shafe titi a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Daga Okene zuwa Owo, Akure, Ife da Ibadan duhu ne da shingayen bincike. Katin shaida ya kasance a aljihu, ba cikin jakar da ke but ba, kuma duk buhun da jami'ai suka nuna, mai shi ne zai sauka ya kwance. A nan ma yawan kaya ya ƙara mana kusan awa guda.

Mun shigo Berger, mashigar Legas, sha biyun dare ta wuce. Mai buhu biyu ko uku kada ya sauka a bakin titi a wannan lokaci. Ya bi mota har tasha, ya kwana kusa da kayansa, da asuba ya nemi motar Agege ko Mile 12.